Baƙar Ƙasar Bayan Gidan Atilio

Katangar da ta raba gidana da na Atilio Barreiro ba ta wuce ƙirjina ba, don haka duk abin da ya faru a bayan gidan nan a kan idona ya faru. Tare muka zo unguwar muna da ƙuruciya, ni da mijina marigayi, shi da matarsa Zulma, lokacin wannan gefen na Montevideo fadama ce kawai, sai kwaɗi da sauro. Kowa da hannunsa ya ɗora bulonsa. A nan muka haifi 'ya'ya, a nan suka girma suka watse.

Atilio makanikin motocin bas ne har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsabta da taurin kai. Ba ya shan taba, giya ma sai ranar Lahadi wajen gashin nama, ita ma ba ya wuce kofi guda. Wiwi kuwa, ko warinta ya jiyo daga samarin bakin kwana sai ya tsallaka titi yana tsaki. Ranar da aka halatta wa kowane gida ya shuka wiwi gindi shida, ya leƙo ta katanga ya ce min ƙasar nan ta gama lalacewa.

Sai ciwon karkarwa ya kama Zulma. Daga yatsun hagu ya fara. Ita da ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki, zare ya zo ya gagare ta sakawa a allura. Daga baya ko ƙoƙon shayin mate aka miƙa mata sai ta zubar da rabi a cinya kafin ya kai baki. Maganin asibiti ya yi mata aiki da farko, sannan ya riƙa sakinta tun kafin lokacin shan wani ya yi. Jikinta ya ƙage, barci ya ƙaurace mata.

'Yarsu tilo, Mariela, tana aiki a Sifen. Da ta zo hutu ta ga halin da uwar ke ciki, sai ta samo 'yar kwalbar man wiwi wajen wata ƙawarta, ta riƙa ɗiga mata a ƙarƙashin harshe. Ba a yi mako ba Zulma ta fara barci, hannun ma ya lafa har tana iya riƙe cokali. Atilio ya gani da idonsa, bai musa ba. Amma da kwalbar ta kusa ƙarewa ya tsare Mariela da tambaya.

"Wa ya shuka ta?"

"Baba, ban sani ba. Wani ne can wajen gari."

"Da me ya yi mata feshi? A wace ƙasa ta fito?"

"Ka ga tana yi wa Mama aiki, me kuma kake nema?"

"Ba zan ci gaba da zuba wa uwarki abin da ban san asalinsa ba," in ji shi.

Da safiyar wata Talata na gan shi ya fito da rigarsa ta zuwa biki, ya taje gashi.

"Don Atilio," na ce, yadda muke kiran dattijo a nan, "ina zuwa haka? Ko an yi budurwa ne?"

"Gidan waya za ni, can ake rajistar masu shuka, in kai sunana a rubuta cikin 'yan wiwi. Yi dariyarki ki gama, Doña Ofelia, kafin in dawo."

Na kuwa yi, har da riƙe ciki.

Shekarar farko a bokitan fenti ya shuka, da ƙasar da ya sayo a buhu. Suka fito sirara, ganye rawaya, abin da ya girba bai kai Zulma ƙarshen sanyi ba. Ya ce laifin ba na iri ba ne, ƙasar ce matacciya, kuma saiwa ba ta son kurkuku. Daga nan ya ɗaura aniyar yin ƙasa da kansa.

Bayan gidan nasu laka ce mai tauri, da rani ta tsage, da ruwa ta kama takalmi. Ya ajiye bokiti a ƙofar kowane gida a layinmu, ya ce duk ganyen mate da aka gama sha a zuba masa. A garin da kowa ke yawo da ƙoƙo a hannu da fulas a hammata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya yi yarjejeniya da Cacho, mai keken doki da ke tsintar kwalaye, ya riƙa kawo masa kashin dokinsa. Ya tara ɓawon ƙwai, da tokar wurin gashi, da busasshen ganyen da masu shara ke tarawa a bakin titi. Ya samo wani tsohon bahon wanka ya zuba jajayen tsutsotsi a ciki, yana ba su ɓawon dankali da na ayaba, yana rufe su da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta taɓa su.

Zulma tana zaune a kujerarta a bakin ƙofar baya, bargo a ƙafa, tana kallonsa.

"Ofelia, kin ga tsohon nan? Shekara arba'in bai taɓa tambayata ko na ƙoshi ba. Yanzu kullum sai ya tambayi tsutsa."

"Su ba sa mayar min da magana, tsohuwa," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Da takin ya ruɓe ya yi laushi, sai ya shiga haƙa. Ya haƙa har ƙugunsa, don saiwa ta sami wurin tafiya. A can ƙasa ya riƙa cin karo da wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi, suna ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Ya ce gara ma, lakar nan tana bukatar tsakuwa don ruwa ya riƙa wucewa. Ya zauna da guduma ya farfasa su, ya gauraya da lakar da takin, ya mayar ramin. Watanni ya yi yana wannan aiki, mutum mai shekara kusan saba'in, hannunsa duk kanta.

Ni dai ban taɓa ganin ƙasa irin wadda ta fito ba. Baƙa wuluk, in ka damƙa ta dunƙule, in ka saki ta warware, ga ƙanshi kamar na ruwan farko. Yakan ɗebo a tafin hannu ya miƙo min ta katanga ya ce in sansana. Da sanyi ya wuce, bazara ta shigo a watan Oktoba kamar yadda take yi a nan, ya dasa gindinsa shida, a gefensu ya zuba alayyafo da kabewa da karas saboda miyar Zulma. Kafin Kirsimeti wiwin ta fi katanga tsayi. Ko ƙwaro ya gani da yatsa yake cire shi, in abin ya yi yawa ya jiƙa tafarnuwa ya yayyafa.

Ƙasar ta yi masa yawa har ya fara rabo. Duk wanda ya ba shi ganyen mate ya sami buhu. Ni na sami uku, na zuba a gefen wurin shanyata na shuka tumatir. Jikata Camila, 'yar ɗana Ruben, a wurina take wuni in iyayenta sun tafi aiki, lokacin ba ta shiga makaranta ba. A wannan ƙasar take wasan girkinta, ta tsinki tumatir ta ci ko wankewa babu.

A Afrilu ya yi girbi. Ya rataye kawunan a tsohon ɗakin Mariela suka bushe, ya dafa su a man zaitun da 'yar wuta kaɗan, ya tace da ƙyalle, ya jera kwalabe a kabad. Zulma ta dawo kamar an sake ta daga ɗauri. Ba warkewa ta yi ba, amma tana barci, tana tafiya kanti da sanda. Wata rana ta kira ni ta ce in kawo siket ɗina da bakinsa ya warware. A gabana ta saka zare a allura, a karo na uku ya shiga. Atilio yana tsaye a ƙofa, ya juya ya koma wajen shukarsa.

Shekara biyu suka yi a haka. Su ne masu kyan.

A ta ukun Zulma ta fara ciwon ciki. Murɗa ce mai tsanani, ga bayan gida ya ɗaure. Ta ce bakinta kullum kamar ta tsotsi tsabar kuɗi. Ta yi fari, ta rame, ta fara manta sunayen mutane. Wata rana ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu tun muna 'yan mata. A asibiti suka ce ciwon karkarwar ne ke ci gaba, haka yake yi. Atilio ya ce jini ne ya yi mata ƙaranci, ya ƙara mata alayyafo, safe da yamma, har matse shi yake yi ɗanye ya ba ta ruwan. Ya ƙara mata ɗigon man. Shi ma kansa yana fama da ciwon kai da sanyin hannu, amma ya ce tsufa ne.

Wata likita ce, sabuwa a asibitin, ta buɗe bakin Zulma ta ga wani shuɗin layi a dasashinta. Ta tambayi Atilio aikin da ya yi, da unguwar da suke, da abin da suke ci. Ta sa aka ɗebi jininsu su biyu. Da sakamako ya fito ta ce gubar dalma ce, ta Zulma ta yi yawan da dole a kwantar da ita a ranar.

Bayan 'yan kwanaki ma'aikata suka zo daga hukumar birni, mace ɗaya da maza biyu, da wata na'ura kamar ta busar da gashi. Suna ɗora ta a ƙasa tana nuna musu lamba. A tsakar gida ba ta nuna abin tashin hankali ba. Da suka ɗora ta a kan baƙar ƙasar, matar ta dubi abokin aikinta, ta sake ɗorawa a wani gefen, ta sake. Ina tsaye a katanga.

"Don Atilio, da me aka cike filin nan?"

Ni ce na tuna. Lokacin da muke gini, ruwa na shiga mana ɗaki duk damina. Sai ga manyan motoci suna zuwa daga wata ma'aikata da ke narka tsofaffin batura a hayin rafi, suna ba da ciko kyauta. Har rige-rige muke yi, mijina ya taɓa bin mota da gudu don a juye a namu filin. Duk layin a kan wannan cikon yake zaune. Sai dai mu namu yana can ƙasa, mun zuba laka mun shafe da siminti mun manta. Atilio kaɗai ne ya tono nasa.

Matar ta yi masa bayani a hankali, cewa cikon nan cike yake da dalmar batura. Ta ce wiwi shuka ce mai zuƙar duk abin da ke cikin ƙasa, mai kyau da marar kyau, alayyafo ma haka, ga ƙurar da ke bin hannu da takalmi zuwa cikin gida. Ta tsugunna ta tsinci wani ɗan baƙin gutsure ta nuna masa.

"Irin wannan ne. Ka ga da yawa?"

"Na gani," in ji shi. "Ni na daka su."

"Akwai wanda ka ba ƙasar nan?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban san lokacin da na bar katangar na shiga ɗaki ba. Camila tana zaune a ƙasa tana cin burodi, ƙarƙashin faratanta baƙi.

Kafin yamma labari ya gama layin. Washegari buhunan da ya raba suka fara dawowa, wasu a ƙofarsa aka jibge, wasu ta saman ƙyaure aka jefo suka fashe a tsakar gida. Bokitan ganyen mate ma aka dawo masa da su. Aka ɗebi jinin yaran layin. Na yawancinsu da sauƙi. Na Camila ya fi na kowa, ko da yake bai kai na kwanciya ba. Likita ta ce zai sauka a hankali, amma abin da zai bari a kan yarinya mai wannan shekarun, babu mai iya faɗa yanzu.

Ruben ya je ƙofar Atilio da rana tsaka ya yi ta dukan ƙyaure.

"Fito, tsohon banza. Kai ne mai tsabta, kai ne ba ka yarda da na kowa ba. Fito ka ga abin da tsabtarka ta yi."

Atilio ya buɗe ya tsaya, hannuwansa a sake. Ruben ya zage shi son ransa, ya ambaci wiwi, ya ambaci kotu. Da Ruben ya gaji ya juya, sai Atilio ya ce, "Yaya yarinyar?" Ruben ya tofar da yawu ya wuce. Daga ranar ya daina kawo min Camila, ya ce gidana ma bai yarda da shi ba.

Ni ma na daina yi wa Atilio magana. Na san ba da gangan ya yi ba, na san har da mijina a masu murnar cikon nan. Sanin bai hana ni jin abin da nake ji ba. In na fito shanya na hango shi sai in juya baya. Shi ma bai ƙara leƙo katanga ba.

Aka sallamo Zulma bayan an yi mata wankin jini da allurai, an ce ƙodarta ta taɓu. An hana ta man, an hana ta duk abin da ya fito daga bayan gidan. Karkarwar ta dawo fiye da da. Ta bango nake jin ƙarar gadonta yana kaɗawa.

Ranar da na koma gidan ana ruwa ne. A al'adarmu in ana ruwa sai an soya fanke, kuma shekara da shekaru ba na soyawa ban miƙa wa Zulma ba. Na soya, na zauna ina kallonsa yana hucewa, sai na rufe da tawul na fita. Atilio ya buɗe min, ya matsa gefe.

Tana kwance, kanta na rawa a kan matashi, hannuwan suna bugun bargo. Ta gane ni.

"Ofelia, kin yi fushi da mu."

"Ga fanke na kawo miki."

"Ajiye. Zo kusa." Muryarta ta shige ciki, sai na sunkuya. "Kwalaben suna cikin kabad, saman firiji. Ya ƙi ba ni. Ɗauko min ɗaya."

"Na ji ki, tsohuwa," in ji Atilio daga ƙofa. "Babu mai ba ki."

"Ɗigo biyu. In yi barci kawai."

"Guba ce."

"To wannan da nake ciki mene ne? Kai kana barci, ni ina ƙirga tsagar rufi. Ka bar ni in zaɓi wadda za ta kashe ni."

"Na kashe ki sau ɗaya da hannuna, ba zan ƙara ba."

"Ji shi," ta ce da ni. "Ko a nan ma sai ya nuna shi ne mai gaskiya."

Ya fita. Muka ji buɗe kabad, sannan ƙarar kwalabe, sannan ruwan famfo yana zuba. Ya daɗe yana zuba. Zulma ta juya fuskarta bango, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, hannun ya ƙi tsayawa balle ta share. Ni na share mata.

Atilio ba zama ya yi ba. Ya bi masu shuka a wasu unguwanni yana roƙon mai, shi da ya ce ba zai karɓi na kowa ba. Ya samo kala biyu. Ɗaya bai yi mata komai ba, ɗayan ya sa ta jiri da amai. Aka ce masa kowane iri da halinsa, nasa ne ya dace da jikinta. Ya tambayi likitar ko irin da ya ajiye ma ya gurɓace, ta ce in a ƙasa mai kyau aka shuka shi babu laifi. Ya wanke tsofaffin bokitan fentin, ya sayo ƙasar buhu, irin wadda ya raina. Amma muna tsakiyar sanyi, ba a shuka sai bazara, ba a girbi sai Afrilu.

"Ki yi haƙuri zuwa Afrilu," ya ce mata, ina zaune.

"Afrilu," in ji ta. "Tsoho, dube ni da kyau."

A cikin watan Yuli motar hukuma ta zo kwashe ƙasar. Ma'aikata sanye da fararen kaya da takunkumi suka shiga da shebur da baro. Suka tuge kututturan wiwin da kabewar da ta rage, suka kwashe baƙar ƙasar har suka tarar da laka, suka wuce ta. Suka shigo nawa gidan ma suka kwashe wurin tumatir. Atilio yana tsaye a jikin bango da hularsa a hannu. Da suka nufi bahon tsutsotsin ne kawai ya motsa.

"Waɗannan ba su taɓa ramin ba. Ɓawon dankali suke ci."

"Ba ka taɓa zuba musu ƙasar wurin ba?" in ji babbansu.

Atilio ya matsa gefe. Yakan zuba musu, duk sanda bahon ya yi ruwa da yawa.

Mutum huɗu suka ɗaga bahon suka juye a motar. Ya tambayi inda za a kai, aka ce can inda ake binne sharar masana'antu. Bayan kwana kaɗan wasu suka zo suka zuba tsakuwa, suka malala siminti daga bango zuwa bango.

Zulma ba ta ga bazara ba. Haɗiya ta fara gagararta, abinci ya riƙa bin hanyar numfashi, ya zama ciwon huhu. Aka mayar da ita asibiti a watan Agusta, ba ta dawo ba. Likitar ta zaunar da Atilio ta ce masa haka masu ciwon karkarwa da yawa suke ƙarewa, da dalma ko babu. Ya gode mata. A hanyarmu ta dawowa a bas ya ce min, "Yarinyar kirki ce. An koya musu irin wannan maganar."

Mutanen layin sun zo jana'iza, ba duka ba. Ruben bai zo ba. Cacho ya zo da rigar aro, ya tsaya can baya, ya rungume Atilio ya tafi.

Mariela ta iso bayan an binne. Ta tarar da uban ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa, hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, ko fulas ba ya iya tsiyayawa. Ta ce ba za ta bar shi ba. Ya ce ba inda za shi. Suka yi ta yi har mako biyu, ina jin su ta bango.

"Baba, me ya rage maka a nan? Faɗa min abu ɗaya."

"Uwarki tana nan."

"Mama tana maƙabarta. Kai kuma kana zaune kana kallon siminti, maƙwabta suna tsallaka titi in sun gan ka."

Ban ji amsarsa ba. Da safe Mariela ta shigo ta ce ya yarda.

Ranar tafiyar ya zo ƙofata, ta gaba, ya ƙwanƙwasa kamar baƙo. Ya sa rigar kirki, ta yi masa yawa yanzu. Ya miƙo min makullin gidan da hannun hagu, ya ce ko masu saye za su zo dubawa.

"Doña Ofelia, abu ɗaya nake roƙo. Duk sanda aka auna yarinyar, ki gaya min."

"Zan gaya maka."

"Ko mene ne."

"Ko mene ne," na ce.

Yanzu yana can a wani gari na bakin teku a Sifen, a hawa na bakwai, a ɗakin da Mariela ke ajiye kaya a da. Ta ce min ba ya fita, ba ya kallon talabijin, ta sayo masa fure a tukunya ya ce ta fitar da shi. Gidansu har yau ba a saya ba. Duk wanda ya zo dubawa sai wani a layin ya ja shi gefe ya ba shi labari, daga nan ba ya dawowa. Namu gidajen ma haka, babu mai iya sayarwa ko da yana so.

Dalmar jinin Camila ta sauka, kamar yadda aka ce. Ruben ya sassauto, yana kawo ta ranar Lahadi, amma ba ta fita bayan gida. Ta shiga makaranta. Malamarsu ta ce ba ta zama wuri ɗaya, abin da aka koya mata yau gobe ya gudu, sa'o'inta suna karatu ita har yanzu tana haɗa baƙi. An ce za ta maimaita aji. Uwarta ta ce dalma ce. Ruben ya ce shi ma haka ya yi yana yaro, kuma gaskiya ne, haka ya yi. Likita ta ce ba za a taɓa sani ba.

Atilio yana bugo waya farkon kowane wata. Ba ya tambayar gidan, ba ya tambayar kowa a layin. Mu gaisa, ya ce yaya sanyi ko yaya zafi, sannan ya ce, "Yarinyar fa?"

Watan jiya na ce masa jinin ya yi kyau, ta yi tsayi, haƙoranta na gaba sun fito.

"Karatu fa?"

Na ce tana ƙoƙari.

Ina jin numfashinsa, da ƙarar motoci can nesa a garin da yake.

"To," in ji shi. "Sai wani watan, Doña Ofelia."